Ramin da Muka Haƙa wa Firizar Umma

A gidanmu na Samaru akwai wasu silifas da ba na kowa ba ne. Ɗaya ja, ɗaya shuɗi, dukansu na ƙafar hagu, kuma mazauninsu gaban firizar Umma. Duk wanda zai buɗe firizar nan sai ya zura su tukuna, ko da kuwa baƙo ne mai babbar riga. In kai ka manta, ita ba ta mantawa. Kana ɗora hannu a kan murfin za ka ji wani abu ya bi ta yatsunka zirrr har gwiwar hannu, sai ka tsinci kanka kana wata rawa da ba ka shirya ba. Ba ta taɓa kayar da kowa ba, amma ta sa dattawa da yawa sun yi salati da ƙarfi a falonmu.

Umma ta sayo ta ne a Sabon Gari da kuɗin adashinta, ta hannu ce, ta riga ta sha duniya kafin ta zo mana. Fentinta ya dafe, in ta tashi aiki kuma sai gurnani. Amma sanyi kam ba a magana. Zoɓo, kunun aya, lamurje, ƙanƙara a leda, duk daga cikinta suke fita, 'yan jami'a da ke haya a layinmu suna zuwa har ƙofa suna "Mama, akwai mai sanyi?" Komai na gidan nan Abba ne ya saya, daga kujeru har tsintsiya. Firizar nan kaɗai ce ta Umma, kowace safiya sai ta goge ta da tsumma, tana tsaye cikin silifas ɗin hagu biyu. Ina son Umma a kowane hali, amma na fi son ta a gaban firizar nan, don a nan ne take magana da muryar mai abu.

Abba ya san tana ja. An faɗa masa ba sau ɗaya ba, amsarsa kullum ɗaya ce: "To ku sa takalmi mana." Shi bai taɓa buɗe ta ba, abin sha kai masa ake yi a kofi a kan faranti.

Shekarar da abin nan ya faru ina aji biyu a babbar sakandare, kuma a zangon ne malamin kimiyya ya tona mini sirrin silifas ɗin nan. Ya ce wutar lantarki matafiyiya ce, kullum hanya take nema ta shiga ƙasa, kuma abubuwan duniya kashi biyu ne a wurinta, masu ba ta hanya da masu tare ta. Ƙarfe yana ba ta hanya, tagulla ma ta fi. Ruwa mai gishiri ko datti yana ba ta. Jikin ɗan Adam ma haka, tunda mu ɗin ruwa ne da gishiri aka ɗinke a cikin fata. Roba kuwa, da gilashi, da busasshen katako, ƙofa a rufe. Dalili, in ji shi, a cikin ƙarfe akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ido ba ya gani, ba a ɗaure suke ba, da an tura na wannan gefen sai turin ya isa wancan gefen. A cikin roba kuwa kowanne a ɗaure yake inda yake. Ya ƙara da cewa galibi abin da ke ɗaukar wuta shi ke ɗaukar zafi, shi ya sa cokalin da aka bari a cikin miya yake ƙona hannu, ludayin duma kuwa ko a jikinsa.

Wayyo, gidanmu ya shiga uku da ni a makon nan. Na bi komai ina taɓawa ina yanke masa hukunci. Ƙyauren ƙofa yana ba da hanya, bokitin roba ba ya bayarwa. Na tsaya tsakar gida da rana tsaka ina nuna rufin kwanonmu, ina bayyana wa ƙanwata abin da ya sa ɗakinmu yake zama tanderu. Na ga Umma tana naɗe ƙanƙara da tsohon bargo za a kai wa maƙwabta, na ce mata ko ta san bargon ba sanyi yake ƙara wa ƙanƙarar ba, zafin waje yake hanawa ya shiga? Ta ce, "To Malama, mun gode. Tunda kin san itace ba ya ƙona hannu, ga muciya can, je ki tuƙa mana tuwo."

Ana saura 'yan kwanaki azumi Abba ya dawo daga ofis da labari. Hajiya, mahaifiyarsa, za ta zo daga cikin birnin Zariya ta yi azumin bana a wurinmu, don likitan ido yana son ya riƙa ganinta a kai a kai. Muka yi tsalle, don ni da Hajiya tsokana ba ta ƙarewa tsakaninmu, ƙawata ma take kirana. Sai Abba ya juya ya dubi firiza, ya sha mur.

"Ki ji da kyau," ya ce wa Umma. "Abin nan in ya ja Hajiya ko sau ɗaya, ranar zai bar gidan nan. Ba na son wata magana."

Umma ta ce, "To, Malam." Niyyarta ta kira mai gyara kafin Hajiya ta iso. Sai ga Hajiya washegari da hantsi a cikin keke napep, da ƙullin kayanta da butarta, wai ta ga babu amfanin jira. Ta shigo falo, ko zama ba ta yi ba idonta ya sauka a kan silifas.

"Wane mara tarbiyya ne ya shigo da takalmi har tsakan ɗaki? Nan ba a salla ne?"

Ta sa sandarta ta tsinto su ta wurga waje. Da ta lura duk na hagu ne, ta sa ƙanwata ta kai su juji. Ni da Umma muka dubi juna. Faɗa mata gaskiya ba zai yiwu ba, don in ta ji akwatin nan yana cizo, da bakinta za ta ce wa ɗanta ya fitar da shi, Abba kuwa ba ya tsallake maganar uwarsa.

Kuma Hajiya, Allah ya sani, kamar don wutar lantarki aka halicce ta. Ba ta sa takalmi a cikin gida. Alwala take yi a kai a kai, hannu da ƙafa kullum a jiƙe. Ga awarwaron azurfa a hannu biyu suna kacau-kacau. Na dube ta da idon malamin kimiyya, na ga babu abin da ya rage sai a jona ta a soket. Ga ta kuma da son abin sanyi, tun ranar farko ta ce a ciki za ta riƙa ajiye goronta da maganin idonta.

Wani zai ce to a cire filogi mana. Ai azumi ne, kuma bazara ce, zafin Samaru na tafasa kai. Wutar da ake kawowa ba ta daɗewa, a ɗan lokacin nan ne ƙanƙara za ta kama ko ta ƙi. Don haka muka kafa gadi. Duk unguwa in aka kawo wuta yara ihun murna suke, mu kuwa a gidanmu gudu muke, ni ko ƙanwata, wadda ta fi kusa ta je ta tsaya gaban firiza. Hajiya na yunƙurawa sai mu haɗa baki, "Hajiya me za a ɗauko miki?" Mun lulluɓe murfin da zanin gado, ta yaye ta ce zafi zai kama abin. Rannan na ga ta nufe ta gadan-gadan da goro a hannu, na yi tsalle na faɗa gabanta na rungume ta, na ce kewarta ce ta kama ni. Ta ture ni ta ce, "Ke ƙawata, lafiyanki ƙalau? Ko nama kuke ɓoye min a ciki?"

Wadda ta fi shan wuya Umma ce. Hajiya ta mai da falo wurin zamanta, tana kan darduma da carbi, firiza na gabanta, Umma kuwa ba ta isa ta shigo da takalmi ba. In Hajiya ta gyangyaɗa, sai Umma ta taka 'yar kujerar katako ta buɗe lafiya lau. Na ba ta shawarar kama murfin da busasshen tsumma, tana yi, amma hannun mai zoɓo da ƙanƙara yaushe yake bushewa, nan da nan tsumman ya jiƙe. In idon Hajiya biyu, ga mai saye a ƙofa, haka Umma za ta cije ta kai hannu. Sai ka ga kafaɗarta ta yi tsalle, ta ce "Alhamdulillahi!" da ƙarfi kamar wadda ta yi atishawa, ta ɗebi zoɓo ta fita fuska a sake. Ni da ƙanwata mu ruga ɗaki mu cusa kai a filo muna dariya har hawaye, in na gama dariyar kuma tausayi ya kama ni. Hajiya dai tana kallo. Rannan ta jawo ni gefe ta ce, "Uwanki tana da iska ne? Na ga tana zabura."

Da abin ya ishe mu, wata Asabar Umma ta cire filogi, ta ce za mu kasuwa sayen citta da kanumfari. Muka hau bas, muka wuce Hanwa, muka sauka Sabon Gari, muka kutsa layin masu gyaran firji inda matattun firji suke jere a bakin hanya baki a buɗe. Wanda ya sayar mata wani dattijon Ibo ne, amma a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa har da karin Zazzagawa. Yana hango Umma ya ce, "Madam, how market? Ina gajiya?" Ta zayyana masa komai. Ya yi dariya ya ce injin ne ya tsufa, wuta kaɗan tana zurarewa zuwa jikin ƙarfen, gidajen haya irin namu kuma ba a sa musu wayar da ke kai irin wannan wuta ƙasa.

"To ta tsaya a jikin firiza tana jiran hanya. Kin zo ba takalmi, kin zama hanya."

"Saboda jikin mutum ruwa ne da gishiri!" na faɗa da ƙarfi, har wani mai walda ya waiwayo.

"Correct! Madam, wannan 'yar taki injiniya ne."

Kaina ya kumbura, har muka dawo Samaru bai sace ba. Maganin, in ji shi, a ba wutar hanyar da ta fi mutum sauƙi. Ya ce mu tanadi gawayi da gishiri mai yawa, zai zo ranar Litinin bayan azahar, lokacin Abba yana ofis, Hajiya kuma tana barcin rana.

Ya zo a kan babur da dogon rodi da naɗin wayar tagulla, muka shigar da shi ta ƙofar baya muna sanɗa. A bayan kicin, daidai ƙarƙashin tagar ɗakin da Hajiya ke kwana, nan ne ƙasa ta fi laushi, nan ya haƙa rami. Ya kafa rodin yana doka shi, ni kuma ina gefe ina daka citta a turmi da dukkan ƙarfina, don ƙarar daka ba ta tada kowa a gidan Bahaushe. Ya ɗaura wayar a kan rodin, ya naɗe mahaɗar da baƙin salatif har ta zama dunƙule. Ya zuba gawayi, ya zuba gishiri, ya mai da ƙasa. Ya ce gawayi na riƙe damshi, gishiri kuma in ya narke yana sa ƙasar ta karɓi wuta da sauri, busasshiyar ƙasa ba ta da amfani. Ya bi da wayar ta gindin bango, ta ƙarƙashin tagar, ya shigar da ita falo ya ɗaure a bayan firiza. Kafin ya tafi ya bar mana gargaɗi ɗaya: har damina ta sauka, a riƙa zuba wa wurin ruwa safe da yamma.

Da aka kawo wuta Umma ta cire tsoro ta ɗora tafin hannunta a kan murfin, ƙafa a siminti. Shiru. Ta ɗora ɗayan. Ta kwantar da kumatu. Muka kama hannun juna mu uku muna rawa ba sauti a tsakiyar falo. Da Abba ya dawo ta faɗa masa a taƙaice cewa an gyara, ya ce madalla, bai tambayi yadda aka yi ba. Muka janye gadi. Hajiya ta buɗe firiza da hannunta ta ajiye goro, ta ce ashe ba nama.

Abin da ba mu yi tunani ba, idon Hajiya da ake ta ɗiga wa magani ya fara gani tangaran. Ta tagarta take hango surukarta safe da yamma tana zuwa da buta, ta waiga hagu ta waiga dama, ta tsiyaya ruwa a wani wuri da babu shuka babu komai, ta koma da sauri. Ta tambayi ƙanwata me aka shuka a wurin, ƙanwata ta ruɗe ta ce gishiri. Daga ranar Hajiya ta canza. Ta daina tsokanata. In an kawo mata kunun buɗa baki sai ta tura wa ƙanwata ta fara kurɓa. Ni kuwa na ɗauka azumi ne ya fara cin ta.

Ranar da abin ya fashe, na tsaya darasin yamma a makaranta, na dawo wajen la'asar na tarar da gidan tsit. Hajiya na zaune a falo lulluɓe da mayafinta na fita, ƙullin kayanta a ɗaure a gefe. A gabanta faifai ne, a kai ga gawayi, ga ƙasa mai farin gishiri, ga guntun waya da baƙin dunƙulen nan, ta sare shi da fartanya. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya ga wannan dunƙule, laya zai ce. Umma na durƙushe a bakin ƙofa kanta a ƙasa.

Abba ya dawo, ya yi alwala a waje zai wuce masallaci, Hajiya ta kira shi.

"Zo ka gani. Ƙarƙashin tagan da nake kwana aka binne. Safe da yamma ana ba shi ruwa, da idona na gani. Ga igiyan ƙarfe an ja ya bi bangon ɗakina. Ni me na yi wa yarinyan nan? Ka sa a kira min keke a mai da ni cikin gari. Ban zo gidan ɗana don a binne ni da raina ba."

Abba ya dubi faifai, ya dubi Umma. "Mene ne wannan?" Umma ta ƙara sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga. A gaban Hajiya ko muryarta ba ta ɗagawa, balle ta yi musu da ita. Abba ya sake tambaya, kuma a karo na biyun na ji wani abu a muryarsa da ban so ba, kamar yana jira ya ji ko gaskiya ne. Raina ya ɓaci ƙwarai. Matar da ta haifa masa mu, ya tsaya yana auna ta da gawayi.

Na yar da jakata na shiga tsakiya. Na fara zuba bayani, 'yan mitsi-mitsin abubuwa, ruwa da gishiri, duk na haɗa na dama. Hajiya ta ɗaga hannu.

"Ke rufe min baki da bokonki. Da ke aka haɗa baki, na ga take-takenki."

Na ruga kicin na dawo da muciya a hannu ɗaya, ludayin ƙarfe a ɗaya.

"Hajiya, don Allah tambaya ɗaya. Da wanne za ki tuƙa tuwo?"

"Ji shashasha. Wane mahaukaci ne zai tuƙa tuwo da ƙarfe? Hannunshi zai toye."

"Ai ba hannun ne a cikin tukunya ba."

"Zafin zai biyo ƙarfen mana ya same shi."

"To wallahi Hajiya haka wutar lantarki take. Tana bin ƙarfe, tana bin jiƙaƙƙen mutum, ba ta bin itace da roba. Firizar nan tana zubar da wuta a jikinta, duk wanda ya taɓa ba takalmi sai ta bi ta jikinsa ta shiga ƙasa. Wayar nan da kika sare, hanya aka yi mata ta wuce ƙasa kai tsaye ta ƙyale mutane. Gawayi da gishirin don ƙasar ta karɓa ne. Don kar ta ja ki aka yi."

Hajiya ta dubi muciyar, ta dubi ludayin. A daidai nan yaran layi suka kwashe da ihu, fanka ta fara juyi, firiza ta yi gurnaninta ta tashi.

"Ƙarya ne," in ji Hajiya. "Akwatin nan kullum ina buɗe shi, bai taɓa yi min komai ba."

Abba ya samu abin kamawa. Ya gyara tsayuwa, ga alama so yake ya kashe maganar ya samu jam'i. "Hajiya, dama can ba wani ja ne na a zo a gani ba, rakin mata ne da yara. Kuma ma an gyara. Kin ga..."

"Abba, wayar fa a tsinke..."

Ban ƙarasa ba. Ƙafa ba takalmi, ruwan alwala bai bushe ba, ya shimfiɗa tafin hannunsa gaba ɗaya a kan murfin.

Na sha ganin rawar firizar nan, amma ta Abba daban ce. Hularsa ta yi gabas, shi ya yi yamma. Ya ja salati bai kai ƙarshe ba ya sake sabo, tsalle ɗaya sai ga shi tsaye a kan kujerar kushin yana yarfe hannu, yana "Ku kashe! Ku kashe ta!" Ƙanwata ta zube ƙasa. Ni na dafa muciya na durƙusa, numfashina har ɗaukewa yake. Umma tana nan durƙushe kafaɗunta na rawa, hawaye na zuba, ita kanta ba na jin ta san ko kuka take ko dariya. Hajiya ta yi ta ƙoƙarin riƙe fuska, ta ja mayafi ta rufe baki, abin ya fi ƙarfinta, ta tuntsire har awarwaronta na kaɗawa. Sai da na lallaɓa na kashe soket da bakin muciya sannan Abba ya sauko.

Dariyar Hajiya ce ta fara tsayawa. Ta goge ido, ta daɗe tana kallon Umma.

"Zaburan nan da kike yi, shi ne wannan?"

Umma ta gyaɗa kai.

"Tun yaushe?"

"Tun da aka kawo ta, Hajiya. Amma in da takalmi ba ta yi."

"Takalman da na zubar."

Hajiya ta juya kan Abba, yana tsintar hularsa.

"Kai ka san yana jan ta?"

"Na ce su riƙa sa takalmi, Hajiya."

"Da aka ce ni zan zo fa?"

Bakina ya riga na Abba. Na ce, "Ya ce in ta ja ki ko sau ɗaya za ta bar gidan."

"Au. Ni ne mai jini a jika ke nan. Ita 'yar mutane busasshen itace ne, wuta ba ya bin ta." Ta nuna Umma. "Tana shan wannan a gabana tana cewa alhamdulillahi, ni ina zaune ina laƙaba mata aljanu."

Abba ya ce gobe da sassafe zai je Sabon Gari da kansa ya ɗauko mai gyara, a canza duk abin da ya lalace a cikin injin. Hajiya ta ce zai je, amma ramin da ta tone yanzu za a gyara shi, kuma ba jikokinta ne za su yi ba. Ya yi sallarsa a gida, ya naɗe hannun rigar ofis, ya ɗauki fartanya. Ni ce mai ba da umarni, kuma ban raga masa ba: ɗaura wayar da kyau, Abba, gawayi tukuna, a'a, gishirin bai isa ba. Zufa na ɗiga daga gemunsa, ga azumi, haka ya yi ta bin umarnina.

Hajiya ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar bangon kicin don ta ga aiki. Umma ta zo za ta wuce da buta, Hajiya ta ce, "Ajiye, shi zai zuba. Zo nan." Umma ta tsuguna a ƙasa a gefen tabarmar. Hajiya ta kama hannunta na dama, ta juya shi ta duba tafin, ta duba yatsun ɗaya bayan ɗaya, kamar za ta ga inda wutar ta bi. Babu abin da ya nuna.

"Ki yafe min," ta ce, a gabanmu, ba ta rage murya ba.

Umma ta ce, "Haba Hajiya, ba komai wallahi," tana ƙoƙarin zare hannunta. Hajiya ba ta saki ba. Ta matsa gefe ta jawo ta, sai da Umma ta hau tabarmar ta zauna sosai. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin su a kan tabarma ɗaya ba. Haka suka zauna, hannun Umma a cikin nata, Umma na kallon ƙasa, har aka kira magariba. Ranar ni da ƙanwata muka dama kunu.